Sharhin Baba a Kwamfutar Mai Rediyo

Mahaifina bai taɓa yarda da littafin da ba shi da rubutu a gefe ba. Idan aka kawo masa sabon littafi, gefensa fari tas, sai ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ba wanda ya taɓa zama da shi." Nasa littattafan, waɗanda ke cikin gafaka da akwatin ƙarfe a zaurenmu na Tudun Ƙofa, gefensu baƙi ƙirin yake da tawada. Matani a tsakiya, sharhin wani malami ya kewaye shi, ƙaramin rubutun kakana ya kutsa tsakanin layukan sharhin, na Baba kuma ya kutsa cikin na kakana. A haka na buɗi ido na ga ana karatu, har na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Ni ne babban ɗa namiji, saboda haka ba wanda ya taɓa tambayata abin da zan zama. Na gama makarantar horon malamai, ina koyar da lissafi a firamare da safe, da la'asar kuma ina zama kusa da buzun Baba ina biya wa ƙananan ɗalibai. Kowa ya san buzun nan ni yake jira. Ni ma na sani, kuma ban ƙi ba, sai dai raina yana wani wuri da ni kaina ban san sunansa ba tukuna.

Shekarun nan ne arzikin man fetur ya fara ja da baya amma mutane ba su yarda ba. Tifofi suna ratsa Keffi da yashi da rodi zuwa sabon birnin tarayya da ake ginawa, kowane saurayi yana rataye da rediyo mai kaset, kuma duk rediyon da ya lalace a garin wuri ɗaya ake kai shi: shagon wani Bayarabe a Sabon Gari. Mutumin Ogbomosho ne, ya daɗe a Keffi har ya fi ni sanin lunguna. Gari na ce masa Mai Rediyo, mu da muke zama a shagon muna ce masa Oga. Hausarsa tana gudu kamar ruwa, amma har ya bar duniya bai damu da raba mace da namiji a magana ba, kowa "shi" ne a wurinsa, har matarsa.

Rediyon Baba na kai gyara na fara ganin kwamfuta. Tana kan tebur a ƙuryar shago, an lulluɓe ta da zanen atamfa kamar kwanon abincin baƙo. Oga ya ce wani injiniya Bature da ke aikin hanya ne ya kawo masa ita ta lalace, kafin ya gyara aikin mutumin ya ƙare, da zai tafi ya ce ya riƙe. Ya bar masa faifai masu laushi a cikin kwali da wani littafi da ke koyar da yaren kwamfuta da ake kira C. Oga ya iya cikin injin, waya da dalma da duk abin da ke ƙonewa, amma littafin ya gagare shi. Ni kuwa ban san ko inda ake kunna ta ba, sai dai lissafi ba ya ba ni tsoro. Ranar muka ƙulla haɗin gwiwa, ba tare da wani ya faɗa ba.

Ina kewar shagon nan har yau. Warin dalma, ƙarar rediyo uku a lokaci ɗaya kowanne da tasharsa, mai ƙosai a bakin ƙofa tana yi mana tsiya wai mun tasa talabijin ɗin da ba ya nuna mutane a gaba. Oga yana da doka guda wadda ba ya ɗagawa: kwamfuta ba ta shan wutar janareta. Ya ce wutar janareta tana rawa, za ta ƙone masa ita. Saboda haka sai an kawo wuta muke aiki, kuma wutar Keffi a lokacin ba ta da alƙawari. Yawancin aikina a takarda nake yi, in rubuta furogiram da biro, in bi shi layi-layi da yatsa ina yi kamar ni ne injin, sannan in an kawo wuta in ruga in buga.

Abu biyu suka fi burge ni a yaren nan, kuma dukansu ƙanana ne. Na farko lakabi. Kana iya zaɓar wani wuri a cikin furogiram ka raɗa masa suna, ka sa ruwa biyu a gabansa, daga baya ka umarci injin ya tsallaka can kai tsaye. Littafin ya yi ta gargaɗi cewa masu hankali ba sa yawan yin haka, mu kuwa muka mayar da shi wasa. Oga ya raɗa wa wurare sunan tasha da kasuwa da mahauta, in furogiram ya rikice sai ka ji ya ce, "Ya tafi kasuwa bai dawo ba." Mun kuma gano cewa lakabi ba ya yarda ya tsaya shi kaɗai a ƙarshe, dole a ajiye masa wani abu a gaba, ko da waƙafi mai ruwa ne tsirara wanda ba ya aikin komai. Oga ya ce ai haka ya kamata, ba a kafa allon tasha a inda ba ko benci.

Na biyun shi ne sharhi. Idan ka buga sanda a karkace da tauraro, duk abin da ka rubuta bayan nan injin ba ya kallonsa, har sai ya tarar da tauraro da sanda, sannan ya ci gaba da aikinsa. A tsakanin alamomin nan biyu kana iya faɗar abin da ka ga dama, da kowane yare. Ranar da na gane haka sai na ga ai na san wannan abin. Gefen littafin Baba ne aka kawo cikin inji. Daga ranar sharhina duk da Hausa nake rubuta shi, kuma ina zuba shi da yawa, har Oga ya ce surutuna ya fi aikina tsawo.

Ana nan sai wani injiniya ɗan ƙasa da ke kawo wa Oga gyara ya tsaya a bayana yana kallo. Kamfaninsu na gine-gine ya sayi irin wannan injin a sabon birni, sun rasa mai zama da shi. Ya ce in ina so in zo. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Baba ya saurare ni har na gama, yana gyara bakin alƙalami da aska. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa, abin da ya sa maganarsa ta fi duka zafi ke nan. Ya ce, "Ba zan ɗaure ka ba, kai ba akuya ba ne. Amma ba na sa albarka a kan abin da ban gani ba."

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce ai an ba ni hanya. Ba a ba ni ba. Inna ta same ni a tsakar gida ta ce, "In ka tafi babu albarkarsa, jikinka ne kawai ya tafi." Kuma gaskiya ta faɗa, na san ba zan iya ba. Haushi ya kama ni sosai, har na yi kwanaki ina gaishe shi a taƙaice kamar maƙwabci. Da haushin ya sauka sai na ga maganarsa tana da ƙofa. Ya ce bai gani ba, to sai in nuna masa.

Na yi tunanin abin da zai shiga ransa. Lissafin rodi da siminti ba zai ɗaga masa gira ba. Sai na tuna yadda mutane ke zuwa zaure suna tambayarsa ranar da aka haifi wane, ko wace rana ce wata kaza ya kama a shekara kaza, shi kuma ya lumshe ido ya ƙirga a gaɓoɓin yatsu. Na zauna na rubuta furogiram da za ka ba shi rana da wata da shekarar Hijira, ya faɗa maka ranar mako da kwanan watan Bature.

Da na gama a takarda na kai zaure bayan la'asar, na ce ina so in biya masa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce bismilla. Umarnin injin na tsallake, don ba zai ji ba, na riƙa karanta masa sharhina na Hausa: a nan ana tara kwanakin watanni, a nan ana ba wannan wata talatin, na bayansa ashirin da tara, haka bi da bi.

"Tsaya," in ji shi. "Wa ya ce maka bi da bi suke zuwa?"

Na ce haka lissafin yake ɗauka, Baba.

"Wa kake rubuta wa wannan bayanin, tunda ka ce injin ba ya karantawa?"

Na ce wanda zai zo bayana ya duba aikin.

Ina jin wannan amsar ce ta fara taɓa shi, ko da yake bai nuna ba. Sai ya nuna takardar da bakin alƙalami kamar yadda yake yi wa manyan ɗalibai, ya ce, "To rubuta masa a nan. Lissafi kusantowa kawai yake yi, wata sai an gan shi da ido."

Na rubuta. Kuma na rubuta shi yadda aka koya mini tun ina yaro, a daidai inda maganar ta faɗo, a tsakiyar nawa sharhin. Na buɗe masa da sandarsa da tauraronsa, na rufe masa, sannan na ci gaba da nawa bayanin na rufe. Sharhi a cikin sharhi, kamar na Baba a cikin na kakana. Ko kaɗan ban ga abin dubawa a ciki ba. Washegari na buga ƙarin a shago na adana a faifai, ina shirin gwadawa aka ɗauke wuta, ba a kuma dawo da ita ba sai ranar da Baba ya sa zai zo shagon ya gani da idonsa.

Ranar Alhamis ce, don babu karatu. Baba bai saba shiga Sabon Gari ba, in yana da buƙata aike yake yi. Ya sa farar riga da rawani, ya ƙi hawa mashin, muka taka da ƙafa, ni a baya ina riƙe da lema saboda hadari ya haɗu. Makanikai suna miƙewa daga ƙarƙashin mota suna gaishe shi, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar ba sauri muke ba, ni kuwa ina ta fargabar kada a sake ɗauke wutar.

Oga ya share shago har da yayyafa ruwa. Ya kashe rediyoyin nan uku, abin da ban taɓa gani ba. Ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Alfa," ya kawo kujerarsa ta kansa ya goge da hannun riga. Sannan ya yaye atamfar nan a hankali.

Kafin furogiram ya yi aiki sai an miƙa shi ga wani mataki da ke tace rubutun ya mayar da shi abin da injin ke ganewa. Na buga umarnin, faifai ya yi ta ƙugi. Na juya ina yi wa Baba bayani da murya irin ta wanda ya san abin da yake yi. Ina cikin magana na ga fuskar Oga ta sauya.

Allon ya cika da ƙorafi. Layi yana korar layi, kore shar, duk injin yana cewa bai san wannan ba, bai gane wancan ba. Kuma kalmomin da yake tofarwa nawa ne, Hausata ce: kwanaki, watanni, ragowa. Na bi da yatsa har na iso wurin, sai na ga abin da ya faru. Injin bai san sharhi a cikin sharhi ba. Da ya shiga nawa, bai ko lura an buɗe na Baba ba, yana isa inda na rufe na Baba sai ya ɗauka an gama sharhi gaba ɗaya. Ragowar bayanina na Hausa ya ɗauke shi a matsayin umarni, ya yi ta ƙoƙarin bi ya kasa.

Oga ya sunkuyo ya gani. Ya yi ƙasa da murya, amma shagon shiru ne, kowa ya ji. "Malam ƙarami, wannan na tsakiya ne ya kawo wahala. Share shi kawai, don Allah. Alfa yana jira."

"Mene ne na tsakiyar?" in ji Baba.

Oga bai san maganar waye ba, ni kuwa na sani.

Gaskiyar Oga ce ta fuskar aiki. Layi ɗaya ne, in na share shi komai zai tafi daidai kafin a ƙifta ido, wutar nan kuma ba ta da tabbas, ga hadari yana ta gurnani. Yatsana har ya kai kan maɓallin. Sai na ji ba zan iya ba. Ban yi wani dogon tunani ba, kawai dai a gidanmu ba a kankare rubutun malami, ko da ya yi kuskure sai dai a rubuta gyara a gefensa. Na ce, "Maganarka ce, Baba. Injin ba ya karɓar sharhi a cikin sharhi. Bari in sake mata wuri."

Na ɗauke ta daga tsakiyar nawa, na kai ta can sama, farkon furogiram ɗin gaba ɗaya, na buɗe mata na rufe mata ita kaɗai. Na dawo na ɗinke nawa bayanin. Da yatsa biyu nake bugawa a lokacin, sai da na yi kuskure na sake. Oga yana ta leƙen ƙwan fitila yana tsaki a hankali.

Wannan karon ya wuce lafiya. Allon ya nemi rana da wata da shekara. Baba ya gyara zama ya ba ni ranar da aka haife ni, don ita ce ba zai manta ba. Na buga. Injin ya ce Talata.

"Laraba," in ji Baba.

Na sake bugawa, ko na yi kuskure. Talata.

"Laraba aka haife ka, da hantsi. Shekarar hadari ya rufe sama, ba a ga wata ba, aka cika talatin." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya yi wa Oga godiya sosai, ya tambayi iyali, ya sa wa shagon albarka. Shagon, ba ni ba.

A hanyar komawa ruwa ya fara sauka. Na buɗe lema na riƙe masa, rabin jikina a waje. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tafiyar ba. Na sa mutum da rawaninsa ya ratsa gari, injin ya yi mini tawaye a gabansa, da ya tashi yin aiki kuma ya ɓata ranar haihuwata. Har na fara shirya yadda zan gaya wa injiniyan nan ya nemi wani.

Mun kusa gida, daidai inda ake sayar da itace, Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ina ka kai ta?"

Na ce wa?

"Maganata. Da ka ce za ka sake mata wuri."

Na ce sama na kai ta, ita ce farkon abin da mutum zai gani in ya buɗe.

"Kafin naka?"

"Kafin nawa, Baba."

Muka yi 'yan taku. Sai ya ce, "Injinka bai yi laifi ba. An ce ya ƙirga, ya ƙirga. Abin da na zo gani daban ne. Na ji mutumin nan ya ce ka share, na ga hannunka ya je ya dawo." Ya tsaya a bakin zaure yana cire takalmi. "Duk wanda zai zauna da abin da ba ya ɗaga kai ya dubi sama, gara ya zama wanda ba ya share gargaɗi. Je ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama lafiya."

Na tsaya a cikin ruwa da lema a hannu, sai da Inna ta leƙo ta ce in shigo kada in jiƙe banza.

Ƙanena ne ya gaji buzun, kuma ya fi ni dacewa da shi nesa ba kusa ba. Ni na tafi sabon birni, na yi aiki da injuna iri-iri, kowanne ya fi na bayansa sauri da rashin haƙuri. Daga baya aka zo da wata hanyar sharhi mai sauƙi, sanda biyu kawai ka rubuta abinka zuwa ƙarshen layi, yara suka daina wahalar buɗewa da rufewa. Oga ya rasu, shagon ya zama wurin sayar da waya. Baba ya riga shi da 'yan shekaru, bai sake shiga Sabon Gari ba bayan wannan ranar, bai kuma taɓa tambayata abin da nake yi a wurin aiki ba. In na zo gida sai dai ya ce, "Tana nan?" In ce tana nan.

Kuma tana nan ɗin. Duk furogiram da na rubuta tun daga ranar, na rodi ne ko na ruwan famfo, da layin nan yake farawa, a tsakanin sandarsa da tauraronsa irin na da. Gab da zan yi ritaya wata yarinya mai ƙwazo da aka ba ta aikina ta zo ta same ni, ta ce, "Baba, akwai wani layi na Hausa a saman kowane fayil, maganar ganin wata. Ba ya yin komai. In cire?"

Na ce mata gaskiya ne, ba ya yin komai, injin bai taɓa karanta shi ba ko sau ɗaya. Na ce aikin nata ne yanzu, ta yi yadda ta gani. Ta koma kujerarta, ina hangenta daga inda nake. Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta sauka layi na biyu ta fara rubuta nata a ƙarƙashinsa.